Idon Jariri da Tarihin Maganar Hannu a Ƙasar Dutse

Tun kafin a gina makarantar kurame ko ɗaya a ƙasar Hausa, kurame suna da harshensu, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Ba a aji ake koyonsa ba. Yaro kurma a Dutse ko Kiyawa yakan tsince shi ne wajen manyan kurame, a kasuwa ko a dandali, galibi bayan ya yi wayo.

Karatun boko ya iske wannan harshe a raye, amma bai ɗauke shi ba. Andrew Foster, kurma baƙar fatar Amurka, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960, da alamun hannu irin na Amurka. Su ne suka iso Tudun Maliki a Kano, makarantar da aka kafa a 1977, lokacin Dutse tana cikin Jihar Kano. Sai a shekarar 2000 Constanze Schmaling ta fitar da littafi a kan maganar hannun Hausawa.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Laura Petitto da Paula Marentette suka nuna cewa jarirai kurame, 'ya'yan kurame, suna yin gwaranci da hannu tsakanin wata 10 da wata 14, kamar yadda masu ji suke yi da baki. Ido ne ya share fagen haka. Jariri sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, misalin nisan fuskar uwa in tana shayar da shi, amma kafin wata shida yana bin motsin hannu da kallo, yana kai nasa hannun.

A nan ne al'adar goyo take da abin dubawa. Goyo gata ne ga mai ji, domin muryar uwa tana riskarsa ko tana daka ko tana surfe. Kurma kuwa ƙeya kawai yake gani. Tun da yake yawancin kurame iyayensu masu ji ne, akan daɗe ba a gane ba, ana cewa nauyin baki ne, har a yaye shi. Wanda sanƙarau ya toshe wa kunne, irin annobar 1996, sau da yawa ya riga ya fara magana. Wanda aka haifa kurma shi ne kan kai shekarun shiga makaranta ba a taɓa zaunar da shi an yi masa magana da hannu ba.