Abin da Gara Ta Rage Mana

A ƙauyukanmu na bakin Watari takarda ba ta tsufa sai da dalili. Ɗakin ƙasa ne, rufin azara ko na ciyawa, damina ta zo da yoyo, gara na aikinta ta ƙarƙashi, ɓera da kyankyaso na nasu ta sama. Duk takardar da ta kai shekara sittin ko saba'in a irin wannan wuri, to wani ne ya tsaya mata: ya naɗe ta a tsumma, ya cusa a gwangwani, ya danne a ƙasan adaka. Tun da na fara bin gidajen dangi da na abokan arziki, daga Bagwai zuwa ƙauyukan da ke hanyar Bichi, ina roƙon a bar mini tsofaffin takardu kafin tsintsiya ta bi ta kansu, na lura mutanenmu ba sa ajiye takarda don sha'awa. Ko dai suna ganin girmanta, ko kuwa suna tsoron ranar da za a ce su fito da ita.

Wadda ake ganin girmanta ita ce mai rubutun Larabci ko ajami. Tun muna yara aka hore mu da cewa ba a tsallake ta, ba a barin ta a ƙasa. Ka ɗauka ka soka a tsagar bango ko a jikin danga, don ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba. Wannan ladabi ne ya tsirar da wasiƙun 'yan cin rani. Mutum yana Jos wajen haƙar kuza, ko yana Ikko yana ga-ruwa, ya sami almajiri ya rubuta masa wasiƙa da tawadar zuge, a buɗe da bisimilla, a jero gaisuwa ga kowa har da jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, sa'an nan can ƙasa a zo ga maganar: a sayar da ɗan akuyan nan a biya haraji, kada a taɓa hatsin rumbu. Albarkacin layin farko, sauran layukan suka rayu.

Takardar boko ba ta sami wannan gata ba. Ita ce ta naɗin ƙosai da tsire, ita ce ta hura wuta. Shi ya sa samun tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙauye ke da wuya, alhali ta shigo ƙauye sosai. An fara buga ta a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam ne editanta, kuma kwafi ɗaya kan zaga gari: malamin makaranta ya karanta, ya miƙa wa malamin dagaci, da yamma a karanta wa jama'a a dandali, su ji inda yaƙin Hitila ya kwana da labarin samarin da aka kai Bama. In ta gama zagaye sai ta ƙare a hannun mai tuya. Haka Sodangi, 'yar jaridar lardin Kano ta zamanin Yaƙi da Jahilci, wadda Katsinawa ke da takwararta Himma. Rabin shafi kawai na taɓa samu, shi ma don an liƙa shi ne a cikin murfin akwati. Abin da ya fi tsira daga wancan yaƙi na shekarun 1950 shi ne takardar shaidar gama ajin manya, domin mai ita yana ganin wata rana za ta iya sama masa aikin masinja ko na malamin sikeli.

Amma mafi yawan abin da ke hannuna rasidin haraji ne, kuma a kansa nake son in daɗe.

Ƙaramar takarda ce, ba ta kai tafin hannu ba, mai lamba a sama, da gurbin suna, da gari, da shekara, da kuɗin da aka biya. An yago ta ne daga littafi, gindinta ya koma wa hukuma. Kafin Turawa su ci Kano a 1903 ana biyan kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin karofi da sauransu, da wuri ko da dami, kuma shaidar biya ita ce idon jama'a. Turawa suka tattara waɗannan suka mai da su haraji, suka fitar da hakimai daga birni suka zaunar da su a gundumominsu, aka kafa baitulmali, aka ce kuɗin Bature kaɗai za a karɓa. Bichi ba ƙaramar kujera ba ce a wannan tsari: Abdullahi Bayero ya riƙe ta yana Ciroma kafin ya hau gadon Dabo a 1926. Daga hakimi magana ta sauko wa dagaci, daga dagaci ta sauko wa mai unguwa, malamin haraji na biye da littafinsa yana rubuta duk namijin da ya isa riƙe fartanya. Fulani kuma nasu jangali ne, a kan kowace saniya, abin da ya sa lokacin ƙidaya wani garken kan yi ɓatan dabo ya ɓulla a wata gunduma.

Ina manomi zai samo sulallan? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakar 1912 gyaɗa ta yi kuɗin da ba a taɓa gani ba, daga nan noman wannan yanki ya sauya. Jigawarmu mai rairayi ta karɓi gyaɗa, aka riƙa tsarma ta tsakanin gero da dawa. Ba a banza lokacin karɓar haraji ya dace da kaka ba. A cire gyaɗa, mata su ɓare, a ɗora wa jaki zuwa sikeli, inda yaran manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, ko na kamfanonin UAC da John Holt, ko na Kwarori ke zaune. Kuɗin kan kwana ɗaya ko biyu a aljihu kafin ya wuce hannun mai unguwa. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashin shekara, ta sayar a waje da tsada, rarar ta shiga ayyukan gwamnati. Dalar gyaɗar da ake bugawa a kalanda ana alfahari da ita, buhunan ƙauyuka irin namu ne aka jera suna jiran tarago.

Rasidin kuwa shi ne katin shaidar talaka tun ba a san katin ɗan ƙasa ba. Za ka ci kasuwar Badume, za ka shiga birni, za ka tafi cin rani, ɗan doka na iya tare ka ya ce ina takardarka. Wanda ba shi da ita ya kwana a ɗaure, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci har danginsa su haɗo kuɗin. Don haka ake ninke ta a cusa a cikin hula, wasu har su kai wa baduku ya ɗinke musu ita a fata. Yawancin waɗanda ke wurina sun yi baƙi a wajen ninkin, gumin kai ya cinye tawadar.

Duk wanda na buɗe wa waɗannan takardu, abin da ya fara kama idonsa shi ne kuɗin. Sai a hau lissafi ana murmushi: anini goma kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam. A tuna kwabo mai huda da ake zura wa zare. A ce, Allah sarki, zamanin da za ka ci ka ƙoshi da kwabo. Ni ma ina jin daɗin wannan hira, ba na ɓoyewa, musamman in dattijo ya kai ga 1973 da aka kawo naira aka ce fam ɗaya naira biyu ne, tsofaffi suka ƙi, suka ci gaba da ciniki da fam da sule har shekaru. Sai dai masu wannan kewa suna karanta adadin ne su tsallake sauran takardar. Kwabon da ke ƙosar da mutum, sai an yini ana noma a gonar wani kafin a ga 'yan'uwansa kaɗan. A gwangwanin da na sami rasidai jere shekara bi shekara, a nan na sami guntayen takardun bashin damina, wanda ake ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa a biya da gyaɗa in kaka ta yi, a farashin da mai ba da bashin ya ga dama. In shekara ɗaya ta ɓace a jerin, na koyi in tambaya. Sau da yawa amsar ita ce a shekarar ne maigidan ya gudu, ko aka jinginar da gona.

Katin jam'iyya ma yana fitowa, amma ba daidai ba. Na NPC mai fartanya a sarari ake ajiye shi. Na NEPU mai tauraro, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, a cikin gafaka na taɓa samunsa, tsakanin warƙoƙin littafin fiƙihu, inda ɗan doka ba zai sa hannu ba. Kukan da 'yan NEPU suka daɗe suna yi shi ne ana ƙara wa mutum haraji saboda ra'ayinsa. Wannan ne ya sa da Abubakar Rimi ya hau mulkin jihar Kano a 1979 a ƙarƙashin PRP ya soke haraji da jangali, mutanen karkara suka ɗauke shi a matsayin biyan wani tsohon alkawari. Kafin nan gyaɗar ma ta riga ta durƙushe: farin 1973 ya buge ta, cutar kuturta ta 1975 ta ƙarasa.

Akwai waɗanda ba sa cikin takardun nan sam, su ne mata. Haraji na maza ne, ƙuri'a ma a Arewa ta maza ce har cikin shekarun 1970. Matar da ta ɓare gyaɗar, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuliƙulin da aka sayar aka cike kuɗin harajin, sunanta bai hau ko layi ɗaya ba, in ba katin asibiti ko na lamba ba. Nata tarihin yana jere a bango, a tasoshi da fanteka da langa, kuma shi ma 'yan gwangwan sun kusa kwashe shi.

A Ingila irin wannan tarkace yana da masu shi. Laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford na riƙe da tarin John Johnson, tikiti da talla da takardun naɗin kaya na ɗaruruwan shekaru, kuma tun 1975 masu wannan sha'awa suke da ƙungiyarsu a Landan. Mu ma muna da ma'ajiya: gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Amma abin da ya fi yawa a can bakin hukuma ne, rahoton Razdan da na Di'o, jimillar abin da gunduma ta tara. Ɓangaren da aka yago aka miƙa wa talaka yana nan ƙauye, kuma yana ƙarewa a lokuta sanannu: ranar rabon gado, ranar da aka rushe soron ƙasa za a yi na bulo, ko ranar ƙaura, kamar yadda aka yi da aka datse Watari aka kammala madatsar a 1980, ruwa ya hau gonaki da fadamu. Mai ɗaukar rumbu da jaki ba ya tsayawa neman gwangwani.

Ba kowa ke sakin nasa ba. Wani ƙanen kakana, wanda ya haura tamanin, ya yarda na ɗauki hoton rasidansa da waya, amma da na nemi ya bar mini su sai ya mayar da murfin.

Na ce, "Baba, ai an soke haraji tun zamanin Rimi, ba mai tambayar ka."

Ya ce, "Yaro, wanda ya soke ya tafi. Littafin da aka yago su a ciki, ka ga an ƙone shi?"

Na ce ban gani ba. Ya ce to in na sami labarin an ƙone, in zo da shaida, zai ba ni har da gwangwanin.