Chambre de bonne

Chambre de bonne (da Faransanci: "ɗakin 'yar aiki") wani ƙaramin ɗaki ne da ake samu a hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufi, a tsofaffin benaye na birnin Paris da wasu biranen Faransa. Asali an gina ɗakunan ne domin masu aikin gida. A yau ana sayar da su a matsayin mafi arhar muhalli da mutum zai iya mallaka a tsakiyar birnin, kuma sau da yawa akan gyara su su zama studio, wato ɗaki guda mai ɗauke da wurin kwana da wurin girki da banɗaki. Kalmar bonne an gutsuro ta ne daga bonne à tout faire, ma'ana 'yar aikin da ke yin kowane irin aiki a gida.

Tarihi

Mafi yawan ɗakunan sun samo asali ne daga ƙarni na 19, musamman lokacin da Georges-Eugène Haussmann ya sake fasalin Paris tsakanin 1853 da 1870. A wancan zamani darajar mutum tana raguwa ne gwargwadon yadda yake hawa sama: masu hali suna zaune a ƙananan hawa, 'yan aiki kuma a hawa na shida ko na bakwai, inda suke bi ta wata matakala ta daban a bayan gini. Banɗaki da famfo guda ne a kan baranda, kowa da kowa ke amfani da su. Da aikatau ya ja baya a ƙarni na 20, sai ɗalibai da baƙin ma'aikata suka gaje ɗakunan, wasu kuma suka zama wurin ajiye tarkace.

Sun fi yawa a gundumomin attajirai na yammacin birnin, kamar ta 8 da ta 16 da ta 17. Amma matasa masu saye sun fi neman unguwannin da ba sa barci da wuri, irin su Le Marais, Quartier Latin, Montmartre da kewayen Bastille.

Dokar girman ɗaki

Nan ne masu saye suka fi tafka asara. Wata doka ta 30 ga Janairu 2002 ta ce ba a ba da hayar muhalli sai babban ɗakinsa ya kai murabba'in mita 9 da tsayin mita 2.20 daga ƙasa zuwa silin, ko kuma faɗin cikinsa ya kai mita kubik 20. Dokar ba ta hana sayar da ɗakin da bai kai haka ba. Saboda haka mutum na iya sayen ɗaki mai mita 7 bisa ƙa'ida, daga baya ya tarar ba shi da ikon sa ɗan haya a ciki.

Dokar Carrez ta 1996 ita ce ta tsara yadda ake awo: duk wurin da tsayinsa bai kai mita 1.80 ba, ba a lissafa shi, kuma a ɗakin da rufinsa ya karkata wannan na iya cinye kaso mai yawa. Idan girman ya gaza abin da aka rubuta a takardar ciniki da fiye da kashi 5 cikin 100, mai saye yana da shekara guda ya nemi a rage masa kuɗi. Sai dai kariyar ba ta shafi ɗakin da bai kai mita 8 ba, wanda shi ne halin da yawa daga cikinsu.

Yadda ake saye

A shekarar 2019 matsakaicin farashin muhalli a Paris ya haura Yuro 10,000 kan kowace murabba'in mita, kafin ya ɗan sauko daga baya. Ciniki yana bi ta hannun notaire, jami'in da doka ta ɗora wa tabbatar da sayen gida. Haraji da ladansa kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na farashin tsohon gini. Bayan sa hannu a yarjejeniyar farko, mai saye yana da kwana 10 da zai iya janyewa ba tare da ya yi asarar komai ba.

Wanda ya sayi ɗaki ya shiga cikin masu ginin ke nan, ƙarƙashin dokar mallakar haɗin gwiwa ta 1965. Zai riƙa biyan rabonsa na gyaran rufi da matakala, kuma idan jawo bututun ruwa ko sa banɗaki zai taɓa sassan da kowa ke da haƙƙi a kai, sai taron masu ginin ya amince. Maƙwabtan ƙasa ba kullum suke yarda ba.

Zafi da makamashi

Rufin kwanon Paris yana da kyan gani a hoto, amma ɗakin da ke ƙarƙashinsa tanda ne da bazara, da hunturu kuma ga sanyi. A tsananin zafin watan Agusta 2003, wanda ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa, an gano cewa zama daf da rufi yana ƙara haɗarin mutuwa. Tun daga 1 ga Janairu 2025 an hana ƙulla sabuwar haya a muhallin da ya samu matakin G a gwajin makamashi, matakin F kuma zai bi baya a 2028. Haka nan tun watan Yuli 2019 hukuma ta ƙayyade iyakar kuɗin haya a Paris.