Gasar Tsimin Mai ta Vetter

Gasar Tsimin Mai ta Vetter gasar babura ce a ƙasar Amurka, inda babur ɗin da ya fi ƙarancin shan mai yake lashewa. Craig Vetter, mai zayyana babura, ya gudanar da ita daga 1980 zuwa 1985. A shekarar ƙarshe, babur ɗin Matsu Matsuzawa ya yi kusan kilomita 200 da lita ɗaya.

Tafiya a hankali kan rage shan mai. Saboda haka, da aka farfaɗo da gasar a 2011 sai aka gindaya sharaɗi: dole babur ya iya gudun kilomita 113 a awa yana fuskantar iska, ɗauke da jakunkunan cefane huɗu. Ana auna nasara da kuɗin man da aka kashe.