Diff da haruffan Hausa: yadda kwamfuta ke gano gyara a rubutu

Diff manhaja ce da ke kwatanta tsohon fayil da sabo, ta nuna layin da aka cire da wanda aka ƙara. Ta fara fitowa a tsarin Unix a 1974, daga cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka. A yau manhajojin adana tarihin gyare-gyare sun dogara da ita, musamman Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Irin wannan kwatanci ne editocin Wikipedia ta Hausa ke dubawa a shafin tarihin kowace maƙala.

Abin lura shi ne kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani. A tsarin UTF-8, harafin k yana cin bayit ɗaya, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Shi ya sa idan edita ya gyara "kasa" zuwa "ƙasa" a Wikipedia, tarihin maƙalar ke nuna +1, duk da cewa yawan haruffan bai canza ba.

Matsala tana tasowa ne idan abu ɗaya yana da lamba fiye da ɗaya. A Nijar ana rubuta "ƴaƴa", a Najeriya kuma "'ya'ya", sannan ita kanta alamar da ke gaban y tana da siffofi da dama a Unicode waɗanda ido ba ya saurin bambancewa. Haka é ta Faransanci: ana iya adana ta a lamba ɗaya, ko kuma e da alamarta daban. Masu haɗa Hausa da Faransanci da Sango, kamar 'yan unguwar PK5 a Bangui, suna fuskantar wannan a ä da â na Sango. Ga mai karatu kalmomin ɗaya ne, amma Git zai ce an yi gyara. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, tana kauce wa matsalar é ta hanyar mayar da rubutu siffa ɗaya kafin adanawa.

Akwai kuma ƙarshen layi. Windows na rufe layi da alamomi biyu, Linux da ɗaya. Idan fayil ya ratsa tsakaninsu ba tare da saiti ba, diff na iya nuna cewa dukkan layukan sun canza. Haɗarin a nan shi ne gyara na gaskiya, misali adadin kuɗi da aka sauya a lissafin wata ƙungiya, zai ɓace cikin ɗaruruwan layukan da ba wanda ya taɓa.

Idan kuwa aka adana fayil da UTF-16, Git yakan ɗauke shi kamar hoto, ya ƙi nuna layukan, saboda bayit na sifili da ke cikinsa. Daga sigar 2.18 ta 2018 an samu saitin da ke magance hakan.

Mafita ita ce masu aiki tare su amince da ƙa'ida ɗaya tun farko: UTF-8, ƙarshen layi iri ɗaya, da zaɓi ɗaya tsakanin ƴ da 'y. Ƙa'idar ƙarshen layi ana rubuta ta a fayil ɗin .gitattributes. Idan za a daidaita tsofaffin fayiloli, a yi wannan aikin shi kaɗai, kada a gauraya shi da gyaran ma'ana.