Shekara talatin ana gyaran alamar "=" a C++

A 1979, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka, Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmark, ya fara ƙera yaren kwamfuta da aka raɗa wa suna C++ a 1983. Tun a 1981 ya ba masu rubuta manhaja ikon tsara aikin alamar "=" da kansu, kuma dole ce ta sa.

Idan aka rubuta a = b, alhali b na riƙe da adireshin wani fili a ƙwaƙwalwar kwamfuta, adireshin kawai ake kwafa, ban da kayan da ke cikin filin. Sai ka ga mutum biyu da takardar gona ɗaya. Da a ya gama aiki ya saki filin, b na nan yana nuni da wurin da ba nasa ba. In shi ma ya sake shi, manhaja ta faɗi, sau da yawa can nesa da inda kuskuren yake. Masu sana'ar sun sha kwana suna farautar irin wannan.

Daga nan aka fara kafa dokoki. A 1991 Marshall Cline ya fito da "dokar uku": duk aji (wato nau'in bayanan da mai rubuta manhaja ya tsara) da ke buƙatar ɗaya daga cikin aikin rushewa, aikin ginawa ta kwafi, ko operator= (wato aikin alamar "="), to yana buƙatar ukun duka. Scott Meyers, a littafinsa Effective C++, ya ja kunne kan a = a. Wanda ya share tsohon kaya kafin ya kwafi sabo, ya share abin da zai kwafa ke nan. Herb Sutter kuma ya yaɗa dabarar yin kwafi a gefe sannan a yi musaya, ta yadda in wuri ya ƙare ana cikin aiki, ba abin da zai lalace.

Kwamitin daidaita yaren ma ya yi tuntuɓe. A auto_ptr, wani ajin riƙe adireshi da kwamitin ya fitar a 1998, "kwafi" na ƙwace kaya ya bar b fanko, ba tare da sanarwa ba. A 2002 Howard Hinnant, Peter Dimov da Dave Abrahams suka kawo shawarar a raba kwafi da miƙa mallaka. Shawarar ta shiga C++11, wato tsarin yaren na 2011, dokar uku ta koma ta biyar, wani sabon aji mai suna unique_ptr ya karɓi aikin auto_ptr, aka cire auto_ptr gaba ɗaya a 2017.