Aman Jini: Daga Balan-balan Zuwa Zoben Roba

A Likoro, har ma a labaran da muke rubutawa, mai aman jini sammu aka yi masa. Alhali sau da yawa hanta ce ta ƙandare, jini ya rasa mafita, jijiyoyin hanyar abinci suka kumbura har suka fashe.

A 1950 likitocin Amurka, Sengstaken da Blakemore, suka fito da bututu mai balan-balan, a hura shi a ciki ya danne jijiyar. Azaba ce, amma ta ceci rayuka. A shekarun 1980 Stiegmann ya kawo ɗaure jijiyar da zoben roba.

Rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa sai 2004 ya shiga alluran jariranmu. Waɗanda suka riga shi zuwa duniya muke kwasa zuwa asibitin Shika, galibi bayan an gama zagayen masu magani.