Yadda ake gano duniyoyin da ke kewaya taurari

Duk wanda ya fita waje da dare a Bakura ko Maradun lokacin hunturu, ya ɗaga kai wajen kudu, zai ga tauraron Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske a sararin dare.

A cikin rukunin taurarin da Shi'ira yake, akwai wani ɗan tauraro da ido ba ya iya gani sai da madubin hangen nesa. Najeriya ce ta raɗa masa suna.

A shekarar 2019 ne ƙungiyar masana falaki ta duniya ta ba ƙasashe damar raɗa wa wasu taurari da duniyoyinsu sunaye. Najeriya ta kira tauraron Amadioha, sunan abin bautar tsawa a gargajiyar Ibo, duniyar da ke kewaya shi kuma Equiano, don tunawa da Olaudah Equiano, marubucin da ya yi yaƙi da cinikin bayi.

To amma babu wanda ya taɓa ganin Equiano, ko a hoto.

Rawar tauraro

Tauraron yana da nisan da haske zai shafe shekara kusan 200 kafin ya iso mu, kuma haskensa yana rufe na duniyar da ke gefensa. Saboda haka masana ke sa ido kan tauraron kansa.

Yayin da duniya ke kewaya tauraro, ita ma tana ɗan jan sa, kamar yadda dutse ke jan hannun mai wulwula majajjawa. Sai tauraron ya riƙa rangaji, ya matso ya koma.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Gusau zuwa Sakkwato a Talata Mafara ya san yadda ƙarar oda ke sauyawa idan mota ta tunkaro, sannan ta wuce. Haka haske yake: idan tauraro na matsowa sai launinsa ya karkata zuwa shuɗi, idan yana komawa ya karkata zuwa ja.

Motsin ba shi da yawa. Mushtari, wadda ta fi duk duniyoyin rana girma, tana motsa rana da gudun mita 12 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal, abin da bai kai rarrafen jariri ba.

Ta wannan hanya ce Michel Mayor da Didier Queloz na Switzerland suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin rana a 1995, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Ita ma Equiano haka aka gano ta a 2009, da na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile.

Matsalar nauyi

Tsawon lokacin da rangajin ke ɗauka kafin ya maimaita kansa shi ne shekarar duniyar, kuma daga nan ake lissafa nisanta da tauraron. Equiano na kammala zagayenta cikin kwana 300 da 'yan kai, a kan falaki mai tsawo irin na ƙwai.

Nauyi ne mai wuya. Na'urar tana auna motsin da ya fuskanto mu ne kawai, don haka idan falakin a karkace yake, wani ɓangare na motsin zai ɓuya. Abin da ake samu shi ne mafi ƙarancin nauyi.

Shi ya sa masana ke cewa Equiano tana da "aƙalla" rabin nauyin Mushtari. Kalmar tana da muhimmanci, ko da yake sau da yawa takan faɗi a rahotanni.

Ana warware matsalar idan duniyar tana giftawa ta gaban tauraronta har haskensa ya ɗan ragu, ko kuma a auna kaucewar tauraron gefe da gefe, kamar yadda kumbon Gaia na Turai ya yi daga 2014 zuwa 2025.

Mafi kusa da mu ita ce Proxima b, wadda aka gano a 2016. Nisanta tafiyar haske ce ta shekara 4 da 'yan watanni, shekararta kwana 11, nauyinta kuma aƙalla ya ɗan ɗara na duniyarmu.

A watan Satumba na 2025 hukumar NASA ta Amurka ta ce yawan irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar ya kai 6,000.